Jagorar auna feftaid da amino asid da mas-sifektiromita: daga shirya samfur zuwa lambar da za a dogara da ita

Na'urar mas-sifektiromita ba ta faɗin yawan abu kai tsaye. Aikinta shi ne ta ɗora wa ƙwayoyin sinadari caji, ta ware su gwargwadon nauyinsu idan an raba shi da cajinsu, wato abin da ake rubutawa m/z, sannan ta ƙirga waɗanda suka iso ƙarshen hanya. Ka zuba feftaid iri biyu, wato guntayen furotin da aka yi da jerin amino asid, kowanne femtomol 50, ɗan mitsitsin adadi, sai ka ga ɗaya ya fito da tozo mai tsayi a allon kwamfuta, ɗayan kuwa da ƙyar ya ɗaga kai sama da hayaniyar ƙasa. Yawansu ɗaya ne, sai dai ɗaya ya fi karɓar caji. Saboda haka tsayin tozo shi kaɗai ba hujja ba ne. Duk aikin da ke ƙasa ƙoƙari ne na abu biyu: kada a zubar da ɗan abin da ake nema tun kafin ya kai bakin na'ura, kuma a samu abin da za a gwada shi da shi idan ya kai.

Za mu ɗauki misali guda mu bi shi, wato feftaid ɗin da ke bambanta jinin sikila da jinin da ba shi da ita. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Cambridge, ya yayyanka haemogulobin da inzayim ɗin tirifsin, ya nuna cewa bambancin duka amino asid ɗaya ne: a gurbi na 6 na sarƙar beta, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Yau ana ganin wannan canjin da mas-sifektiromita cikin 'yan mintuna.

Mataki na 1: Ka san tambayarka kafin ka zaɓi na'ura

Idan kana neman sanin waɗanne furotin ne ke cikin samfur, dubbai a lokaci guda, na'ura mai tsananin rarrabe nauyi kake bukata, irin Orbitrap da Alexander Makarov ya ƙirƙiro, wadda ta shiga kasuwa a 2005, ko kuma Q-TOF. Idan kuwa ka riga ka san abin da kake nema, feftaid 5 ko amino asid 20, kuma lamba kake so, to na'ura mai kwadurufol uku ce ta aikinka. Sashenta na farko yana tace iyon ɗin da kake so, wato ƙwayar da ta ɗauki caji, na biyu ya farfasa shi da iskar agon ko naitirojin, na uku ya bar ɓarɓashi guda ya wuce. Wannan tacewa sau biyu ita ake kira MRM ko SRM, kuma ita ce ke kashe hayaniya har ƙaramin sigina ya bayyana.

Mataki na 2: Zaɓen feftaid

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma nan ne kuskure ke da wuyar gyarawa daga baya.

Tirifsin yana yanka bayan laisin, K, da ajinin, R, sai dai idan furolin ne ke biye. Ka ɗauki jerin furotin ɗinka ka yanka shi a kwamfuta. Manhajar Skyline ta ɗakin binciken MacCoss a Jami'ar Washington kyauta ce, kuma ita mafi yawan masu wannan aiki ke amfani da ita. Daga guntayen da suka fito, ka nemi masu amino asid kamar 7 zuwa 20. Ka guji mai metiyonin in da hali, domin yana ɗaukar iskar oksijin nauyinsa ya ƙaru da dalton 15.995 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari), sai siginarka ta rabu gida biyu. Ka yi hattara da asfarajin da gilaisin ke biye da shi, domin yakan sauya ya ƙara dalton 0.984. Ka guji wurin da K ko R biyu suka jeru, domin tirifsin yakan yanka nan yau, gobe ya yanka can.

A misalinmu, guntun farko na sarƙar beta shi ne VHLTPEEK a jinin A, VHLTPVEK a jinin S, kowane harafi amino asid ɗaya ne. Bambancin nauyinsu kusan dalton 30 ne. Dukansu sukan ɗauki caji 2, don haka na A yana fitowa a m/z 476.8, na S a 461.8. Idan aka farfasa su, ɓarɓashin da ke farawa daga furolin yana fitowa da ƙarfi: 502.3 ga na A, 472.3 ga na S. Ke nan za ka shigar wa na'ura 476.8 zuwa 502.3, da 461.8 zuwa 472.3. Jinin C kuma, wanda ake samu sosai a Afirka ta Yamma, laisin ne ya shiga gurbi na 6, sai ya buɗe sabon wurin yanka, guntun ya gajarce ya zama VHLTPK.

Ga tarkon. VHLTPEEK ba na sarƙar beta kaɗai ba ne. Sarƙar delta, wadda ke cikin haemogulobin A2, da wannan jerin take farawa. Saboda haka mai SS da ba a taɓa ƙara masa jini ba zai iya nuna ɗan ƙaramin tozo a 476.8, kuma wanda bai san da haka ba sai ya ce akwai jinin A. Duk feftaid ɗin da ka zaɓa, ka bincika shi a rumbun UniProt ka tabbatar babu wani furotin da ke da irinsa, ko kuma ka san wanda ke da shi ka yi lissafi da hakan. Kuma kada ka tsaya a kan feftaid ɗaya ga furotin ɗaya idan akwai damar biyu ko uku.

Mataki na 3: Shirya samfur ba tare da asara ba

A ganina, mafi yawan kukan da ake yi cewa na'ura ba ta da ƙarfin gani, ba laifin na'ura ba ne. Feftaid yana manne wa bangon roba da na gilashi da bakin fifet. Idan samfur mai kauri ne ba ka jin asarar. Idan ya tsinke ya koma 'yan femtomol, bango kaɗai zai iya shanye kaso mai yawa. Maganinsa: bututu masu hana mannewa, rage yawan juyewa daga wannan mazubi zuwa wancan, ɗan asitonaitiril a cikin ruwan narkarwa, kuma kada ka ajiye ma'auni a tsinke, ka ajiye shi da kauri, ka tsinka ranar aiki.

Narkar da furotin kuwa tsarinsa sananne ne. A warware shi da yuriya ko zafi, a katse gadojin salfa da sinadarin DTT, a toshe sisteyin da iyodoasitamaid a cikin duhu, wanda ke ƙara wa kowane sisteyin dalton 57.021. Sannan a tsinka yuriyar ta sauka zuwa mola 1 ko ƙasa, a zuba tirifsin kashi 1 ga furotin kashi 20 zuwa 50, a bar shi a digiri 37. Kada ka dafa yuriya da zafi mai yawa, domin takan lalata laisin da bakin feftaid.

Tsawon lokacin narkarwa gwada shi ake yi, ba gado ake ci ba. Ka ɗebi samfur bayan minti 30, awa 1, awa 2, awa 4, da kwana, ka duba inda siginar ta daina hawa. Amino asid masu asid da ke dab da wurin yanka sukan rage wa tirifsin sauri, ga shi kuma EEK da VEK ba ɗaya suke ba ta wannan fuska, don haka ka tabbatar duka guntayen sun gama fitowa kafin ka kwatanta su.

Daga nan sai wanke gishiri da ƙaramin matacin C18. Sabulun ɗakin bincike irin su Triton da PEG kuwa, kada ma su kusanci samfur. Alamar PEG ba ta ɓuya: jerin tozaye masu tazarar dalton 44 a tsakaninsu.

Mataki na 4: Ɗan rakiya mai nauyi

Wannan shi ne ginshiƙin awo. Ana haɗa feftaid irin wanda kake nema sak, sai dai an saka masa kabon-13 da naitirojin-15 a laisin ko ajinin na ƙarshe. Laisin mai nauyi yana ƙara dalton 8.014, ajinin 10.008. Yana fitowa daga kolum, wato bututun da ke rarrabe sinadaran samfur kafin su shiga na'ura, lokaci ɗaya da na asali, yana karɓar caji daidai da shi, duk abin da ya danne ɗaya ya danne ɗayan, amma na'ura tana ganinsu dabam. Ɗakin binciken Steven Gygi ne ya yaɗa wannan dabara a 2003 da sunan AQUA. Ga VHLTPEEK mai nauyi, za ka sa 480.8 zuwa 510.3.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce ka zuba ɗan rakiya femtomol 50. Girman filin tozon feftaid ɗin samfur ya fito 120,000, na ɗan rakiya 80,000. Rabon ya zama 1.5, ke nan akwai femtomol 75. Gobe idan na'ura ta yi sanyi duka biyun suka ragu da rabi, rabon yana nan 1.5.

Ka zuba shi da wuri iya yadda zai yiwu, domin asarar da ta faru kafin shigarsa ba zai gyara ta ba. Kuma ka san iyakarsa: feftaid mai nauyi bai bi ta hannun tirifsin ba, don haka idan narkarwa ba ta cika ba, lambarka za ta yi ƙasa ba tare da wata alama ba. Wanda ke da hali ya yi amfani da cikakken furotin mai nauyi, ko feftaid mai ƙarin amino asid a gefe da sai an yanka. Idan za ka zaɓa tsakanin mai kabon-13 da mai dutiriyom, ɗauki na farko, domin mai dutiriyom da yawa yakan ɗan riga na asali fitowa daga kolum. Sannan ka harba ɗan rakiya shi kaɗai sau ɗaya, ka ga ko yana ɗauke da ɗan ɓurɓushin mara nauyi.

Mataki na 5: Bakin feshi, inda ake samu ko a rasa sigina

Hanyar ESI, wadda ta kai John Fenn ga kyautar Nobel a 2002 tare da Koichi Tanaka da Kurt Wüthrich, feshi ce: ruwa yana fita ta siririn allura mai ƙarfin lantarki kilobolt 2 zuwa 5, ya zama ɗigo-ɗigo masu caji, su bushe, iyon su tsira. Sai dai wurin da ke saman kowane ɗigo kaɗan ne, cajin ma kaɗan ne. Kamar mota ɗaya ce a tasha ranar jajiberin Sallah: masu ƙarfi su cika ta, mara ƙarfi ya tsaya yana kallo. Gishiri da kitsen jini da sabulu su ne masu ƙarfin, feftaid ɗinka ne ake bari a ƙasa. Wannan ita ce dannewar iyon.

Abubuwan da ke taimakawa, bisa yadda suka fi tasiri:

Ruwan tuƙi, wato ruwan da ke tura samfur cikin kolum. Fomik asid kashi 0.1 cikin 100 shi ne abin da aka saba. Asid ɗin TFA yana ba da tozo mai kyan siffa, amma yana riƙe feftaid ya hana shi caji, sigina ta faɗi warwas. Idan an gaji hanyar aiki daga na'urar hasken UV, a duba wannan tun farko.

Saurin gudu. Matthias Wilm da Matthias Mann sun nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa idan aka rage gudun ruwa ƙwarai, ɗigon yana ƙanƙancewa, kaso mafi yawa na ƙwayoyin ya zama iyon. Shi ya sa ake amfani da kolum mai faɗin maikuromita 75 da gudun nanolita 300 a minti idan samfur kaɗan ne. Amma wannan tsari yana da saurin fushi, toshewa da ɗigar ruwa ba sa ƙarewa. Idan kana da samfur isasshe, kolum na milimita 2.1 ya fi kwanciyar hankali, kuma ga aikin asibiti shi zan zaɓa.

Gwajin dannewa. Ka haɗa sirinji bayan kolum yana tura feftaid ɗinka a hankali ba tsayawa, sai ka ga layi miƙaƙƙe a allo. Sannan ka harba samfur da aka shirya. Duk inda layin ya lotsa, nan ne ake danne iyon. Idan feftaid ɗinka a cikin lotsawar yake fitowa, sai ka sauya tsarin gudu ya matsa. A ruwan jini, kitsen fosfolifid ne babban mai laifi, kuma ana gano shi da ɓarɓashin m/z 184. Minti na farko da gishiri ke fita, ka karkatar da shi zuwa kwalbar shara.

Wani abu da ba a cika rubutawa ba: bayan ɗaukewar wuta, injin zuƙe iska yana bukatar awoyi kafin ya dawo daidai, kuma sai an sake daidaita nauyi. Inda wuta ba ta da tabbas, batirin tsaro da na'urar sanyaya ɗaki suna cikin kayan awo.

Mataki na 6: Lokacin sauraro

Ka zaɓi ɓarɓashi 3 ga kowane feftaid, ɗaya na lissafi, biyu na shaida. Ɓarɓashin jerin y, wato mai riƙe da ƙarshen feftaid, da m/z ɗinsa ya fi na feftaid ɗin da aka farfasa yawa ya fi tsabta, kamar yadda 502.3 ya fi 476.8. Ka gwada ƙarfin farfasawa mataki-mataki ga kowanne.

Sai lissafin lokaci. Tozo mai faɗin daƙiƙa 12 yana son a taɓa shi kamar sau 12, wato zagaye ɗaya a daƙiƙa. Idan kana da layuka 40 irin 476.8 zuwa 502.3, kowanne ya samu milidaƙiƙa 25, har da ɗan hutun tsakani. Ƙirgar iyon tana da dokarta: iyon 100 suna zuwa da rashin tabbas na kashi 10 cikin 100, iyon 10,000 kuma kashi 1. Don ka ninka tsabtar sigina sau 2, sai ka ninka lokacin sauraro sau 4. Mafita ita ce a tsara wa kowane feftaid tagarsa, na'ura ta saurare shi a mintunan da yake fitowa kawai.

Mataki na 7: Layin awo da iyakoki biyu

Ka shirya ma'aunai aƙalla mataki 6, a cikin ruwa mai kama da na samfur, tare da fanko guda, wato wanda babu abin da ake nema a cikinsa, da kuma fanko mai ɗan rakiya kaɗai. Ka zana rabon tozo a kan yawa. Kada lambar R², mai nuna yadda ma'aunai suka zauna a kan layi, ta ruɗe ka, 0.999 na iya fitowa alhali ƙasan layin ya kauce da rabi, domin manyan ma'aunai ne ke jan layin. Ka ƙara wa ƙananan ma'aunai muhimmanci da lissafin 1/x ko 1/x², sannan ka mayar da kowane ma'auni cikin lissafin ka ga abin da ya bayar.

Iyakar gani, LOD, ita ce inda za ka ce abin yana nan. Bisa al'ada sigina ta ninka hayaniya sau 3. Iyakar awo, LOQ, ita ce inda za ka iya faɗin nawa ne, sau 10. A MRM da Orbitrap hayaniyar takan yi ƙasa har rabon ya zama ba shi da ma'ana, don haka ya fi kyau ka shirya ƙaramin ma'auni sau 5 ko fiye, tun daga farkon shiri, ka ga yadda sakamakon ke warwatsuwa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta irin wannan awo, ICH M10 ta 2022, ta yarda da kaucewar kashi 15 cikin 100, sai a mataki mafi ƙasa inda ta yarda da 20. Abin da ya faɗi tsakanin LOD da LOQ, ka rubuta an gani, kada ka ba shi lamba.

Wannan yana da nauyi a gwajin jarirai. Jinin sabon haihuwa yawancinsa haemogulobin F ne, sarƙar beta kaɗan ce, a bakwaini ma ta fi ƙaranci. Ɗan da'irar milimita 3.2 da ake hudowa daga busasshen jini a takarda bai wuce maikurolita 3 da ɗan kai ba. A cikin wannan ake neman S da A, shi ya sa ake duba rabon junansu maimakon tsayin kowanne.

Mataki na 8: Amino asid, masu nasu hali

Ƙanana ne, yawancinsu suna son ruwa, ba sa zama a kolum na C18. Hanya uku ce: kolum na HILIC mai riƙe masu son ruwa, ko a rataya musu wani sinadari kamar AQC wanda ke ba da ɓarɓashin 171 ga kowannensu, ko a mayar da su butil esta, inda da yawansu ke zubar da dalton 102 idan an farfasa su. Da hanya ta ukun ce Millington da Chace suka kafa gwajin jarirai na mas-sifektiromita a Jami'ar Duke a shekarun 1990. Ba tare da rataye ba, fenilalanin yana 166 zuwa 120, tairosin 182 zuwa 136, kuma rabon su biyun ne ke tona cutar PKU, inda jiki ke kasa sarrafa fenilalanin. Ajinin, 175 zuwa 70, yana da ƙarfin sigina. Gilaisin, 76 zuwa 30, rauni gare shi, kada ka sa musu iyaka ɗaya.

Masu kama da juna su ne ciwon kai. Lusin da aisolusin da alo-aisolusin nauyinsu ɗaya sak, 132 zuwa 86, babu na'urar da za ta raba su da nauyi, sai kolum. Alo-aisolusin kuwa shi ne shaidar cutar MSUD, inda jiki ke kasa sarrafa lusin da aisolusin da balin, don haka rabuwar ba ado ba ce. Haidiroksifurolin ma yana faɗowa a 132 a na'urar kwadurufol. Balin da betayin duka 118 ne. Laisin da gulutamin duka 147, bambancinsu dalton 0.036 kacal. Gulutamin yana da yawa a jini, kuma inuwarsa ta kabon-13 tana sauka a 148, gurbin gulutamik asid. Idan sun fito tare, lambar gulutamik za ta kumbura.

Samfurin ma ba ya jira. Jinin da aka bari da ƙwayoyinsa a ɗaki mai zafi, ajinin yana komawa onitin, gulutamin yana komawa gulutamik. A raba ruwan jini da wuri, a daskarar. Idan amino asid na cikin abinci ko furotin kake aunawa, dafawa da HCl mola 6 a digiri 110 na awa 24 tana hallaka tiriftofan, ta mayar da asfarajin da gulutamin asid ɗinsu; tiriftofan sai an yi masa dahuwar alkali dabam.

Kuma babu jinin da ba shi da amino asid, don haka fanko na gaskiya ba ya samuwa. Ko ka gina layin awo a ruwan gishiri mai albumin ka nuna gangarensa ya yi daidai da na jini, ko ka riƙa ƙara sanannen adadi a kan samfurin kansa. Kowane amino asid ya samu nasa ɗan rakiya. Aron na maƙwabci yana aiki ne kawai idan lokaci ɗaya suke fitowa.

Mataki na 9: Jerin harbawa da karanta sakamako

Ka fara da fanko, sai ma'aunai daga ƙarami zuwa babba, sai fanko kuma. Tozon da ya bayyana a wannan fanko na biyu saura ne daga allura ko kolum, kuma bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 na ma'auni mafi ƙasa ba. Idan ya wuce, ka ƙarfafa ruwan wankin allura. Samfuran gaske ka cakuɗa jerinsu, kada na marasa lafiya su taru a farko na masu lafiya a ƙarshe, ka kuma sa samfurin sa-ido na ƙasa da tsakiya da sama a tsakankaninsu.

Kafin ka karɓi kowace lamba, ka buɗe tozon ka gani da idonka. Ya fito lokaci ɗaya da ɗan rakiyarsa? Rabon ɓarɓashin uku ya yi daidai da na ma'auni? Idan ɗaya ya kumbura, wani abu ne ya laɓe a ƙarƙashinsa, sai ka koma lissafi da wani ɓarɓashin. Ka zana girman filin tozon ɗan rakiya na duk samfuran a jere: idan yana gangarowa a hankali, bakin na'ura ne ya yi datti, idan samfur ɗaya ne ya faɗi shi kaɗai, an danne shi ko an yi kuskuren fifet, a sake shirya shi. Samfurin da ya haura ma'auni mafi girma kuma a tsinka shi a sake harbawa, domin a can sama feshi da na'urar ƙirga sun ƙoshi, layin ya riga ya lanƙwashe.